Layin da Na Bar wa Ɗanzango

Bana azumi ya sake faɗowa cikin damina, kamar shekarar da Turawan nan suka zo. Tun safe ake yayyafi, baƙar lakar nan tamu ta Suki ta kumbura, duk wanda ya fita sai ya dawo da takalmansa a hannu. Ina zaune bakin rumfa ina jin ƙamshin abre, busasshen fallen dawa da 'yata ta jiƙa don shan ruwa, sai ga mijinta ya shigo yana ƙorafin ciyawa ta fi ƙarfinsa, shi da ke da maganin feshi da 'yan ƙwadago huɗu. Na dai juya fuskata wajen kogi, don kada ya ga abin da maganarsa ta taso mini.

Mu nan mutanen hanya ne. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin wannan kogi, suka ce bari su yi damina ɗaya su ci gaba. Daminar ce ba ta ƙare ba har yau. Ƙauyen namu, da muke kira hilla kamar yadda Larabawa ke faɗa, bai kai gida hamsin ba a lokacin, kuma in ka tambayi tsoho ko shi ɗan ina ne, sai ya ce maka yana kan hanya, ko da kuwa jikokinsa a nan aka yanke musu cibiya. Maigidana a wani zango aka haife shi, tsakanin Darfur da Kurdufan, shi ya sa kowa ke ce masa Ɗanzango. Ni ma haka zan kira shi a nan, tunda ba sunansa na yanka ba ne.

Shekararmu huɗu da aure a lokacin, Allah bai ba mu haihuwa mai rai ba. Daga ni sai shi a gidan, sai akuya ɗaya da kaza. Abin da muka dogara da shi hawasha ce, wato gonar da hukumar noman ruwa ke rubuta wa mutum da sunansa, ta jawo masa ruwa daga kogi ta tur'a, babban magudanar da ke ratsa gonaki. Amma ba taka ba ce. Akwai mufattish, mai duba gonaki, yana zagayawa a kan jaki fari, in ya ga ciyawa ta cinye audugarka sai ya goge sunanka a ba wani. Ɗanzango ya yi shekara shida yana wa mutane ƙwadago kafin a rubuta masa tasa.

Saura kwana uku a ga watan azumi, auduga ta yi ganye huɗu-huɗu, noman fari ya zo wuya. Da hantsi muka ji kukan mota a bayan hilla, tana kuka ba ta matsawa. Wanda ya san ƙasar nan ba ya sa mota a hanya da damina, don haka tun kafin mu isa muka san baƙi ne. Lori ce ta nutse har ciki, samarin Turawa tara suna kewaye da ita, laka har gwiwa, fuskokinsu sun yi ja kamar tattasai. Kowanne da gajeren wando da ƙaton takalmi, kuma dariya suke yi. Dariyar ce ta fi ba ni mamaki.

Tare da su akwai wani Balaraben hafsan soja ɗan ƙasa da hukuma ta haɗa su da shi. Shi ya yi wa Baffa Mamman, mai hillarmu, bayani, mu mata muna ji daga bayan danga. Ya ce 'yan jami'a ne a ƙasarsu, ana koya musu aikin soja tare da karatu, in sun gama za su zama hafsoshi. Duk hutu akan tura wasu daga cikinsu wata ƙasa mai nisa, su hau dutse ko su ratsa daji, don su koyi jure wahala kafin a ba su mutane su jagoranta. Waɗannan an ce su bi bakin kogi da ƙafa har Rusairis, su leƙa duwatsun da ke iyaka da Habasha.

Inna Tumba, tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni, ta taɓo ni da gwiwar hannu.

"Mi yac ce? Wahala sunka zo koyo?"

"Haka ni ma na jiya, Inna."

"Har da ƙetare teku? Da sun aiko, ai da mun ɗaure musu a buhu." Ta gyara ɗankwalinta. "Kowa ya daɗe ya ga daɗai."

Muka yi dariya har aka juyo aka kalle mu. Ban san dariyar ƙarshe ke nan da zan yi a watan ba.

Lori dai ba ta fito ba, suka ce to daga nan za su fara takawa. Sai dai taswirar da ke hannunsu ba ta san damina ba. Koramun da ke zuba cikin kogi duk sun cika, wanda bai san mashiga ba ruwa zai tafi da shi. A hillarmu kuwa ba wanda ya san wannan hanya kamar Ɗanzango, don da rani yakan bi ta zuwa ɗiban ƙaro.

Akwai wata al'ada da muka gada daga iyayenmu matafiya. Baƙon da ya zo da ƙafa, ba a nuna masa hanya da yatsa. A raka shi har hilla ta gaba, a danƙa shi hannun wani, shi ma ya kai shi gaba. Ba a sakin baƙo sai hannu ya karɓa daga hannu. Da haka kakanninmu suka ratso ƙasashe ba su ɓata ba, kuma ba a taɓa tambayar addinin mai tafiya kafin a raka shi. Baffa Mamman bai ma buɗe baki ba, Ɗanzango ya riga ya miƙe.

Na same shi a ɗaki yana ɗaure gorar ruwa a sanda.

"Malam, noman hwa?"

"Kwana guda na, Kulu. In kai su hillar Malam Isa, in danƙa su, gobe da la'asar kin gan ni."

"Ba wani mai ƙahwa cikin hillag ga sai kai?"

"Ba mai sanin mashiga sai ni. Ko so kike a ce ruwa ya ci baƙi bayan sun sha ruwan gidanmu?"

Ban so ba. Amma na ga idonsa, na kuma san wannan kallon. Tun da ya ga jakunkunan da ke bayan yaran nan wani abu ya tashi a jikinsa, irin na akuyar da ta ji an buɗe ƙofar turke. Na zuba masa gari da busasshiyar kisra, wainar dawa mai falle-falle, a ƙyalle, ban raka shi ƙofa ba don haushi. Ta kafar danga na leƙa na ga yana gaba da sandarsa, ƙafa ba takalmi, su tara da hafsan suna bin sa a jere. Hanyar kudu ce ta karkata gabas, ni kuwa duk hanyar da ke da gabas a cikinta ban yarda da ita ba.

La'asar ta gobe ta zo ta wuce. Aka ga wata, aka ɗauki azumi.

Na fara noman ni kaɗai, ina cewa in rage masa kafin ya dawo. Da an yi sallar asuba sai in ɗauki fartanya in bi gefen tur'a. Wanda bai taɓa noma a lakar nan ba, ba zai gane ba. In an yi ruwa, kowane taku sai ta ɗaure maka ƙafa, fartanya ta yi nauyi kamar taɓarya, sai ka tsaya ka kankare ta da tsinke. In rana ta fito kwana biyu sai saman ya ƙame, ƙasan yana nan danƙo. Ga aya-aya, ka cire ta yau, jibi ta fito tana maka gwalo. Ga ƙiri-ƙiri mai tafiya ta ƙarƙashin ƙasa. Zafin damina ba irin na rani ba ne, ba ya ƙona ka, dafa ka yake yi, tururi na tasowa daga ƙasa yana shiga har cikin zani. Kafin azahar harshena ya manne, sai in zauna a bakin tur'a ina kallon ruwa yana wucewa, ja wur, ba damar sha. A rana nakan yi layi shida, in na matsa bakwai. Hawashar tana da layi fiye da ɗari, kuma kafin in kai na ashirin na farko ya sake yin kore.

Lokacin kuma na yunwa ne. Dawar bara ta kai gindin rumbu, sai na shiga da ƙafata nake kwasowa, rabi dawa rabi ƙwari. Miya kullum tafasa ce da nake tsinkowa a hanyar dawowa, ko busasshiyar kuɓewa in an samu. Akuya tana ba ni abin da bai cika ludayi uku ba.

Yunwa ban damu da ita ba, mun saba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shan ruwa. A nan maza ba sa buɗe baki a cikin gida. Kowane magidanci yakan fito da tiren abincin gidansa, a shimfiɗa tabarmi a bakin hanya, a ci tare, har da duk wanda ya zo wucewa. Ni ba ni da mai fitar mini da tire. Amma na rantse wurinsa ba zai zauna wayam ba. Kullum sai in tuƙa tuwo, in jiƙa abre, in ɗauka da kaina in ajiye a ƙofar gida, in koma ciki. Baffa Mamman ne ke zuwa ya ɗauka, ina jin sa yana cewa, "Ga na gidan Ɗanzango." Wannan kalma nake jira tun safe. In na ji ta sai in zauna a tsakar gida in sha ruwana, ni da akuya, muna jin hirar maza ta bayan danga. Ban taɓa sanin gida mai ɗaki biyu zai yi wa mutum faɗi haka ba.

Ran biyar ga azumi wani mai kwale-kwale ya kawo labari. Sun isa hillar Malam Isa lafiya, amma duk mazan can suna cikin noma, ba wanda ya miƙo hannu. Ɗanzango ya ce ba zai saki baƙi a ƙasa ba, ya wuce da su. Ran goma sha biyu aka ce an gan su a Karkoj, ɗaya daga cikin yaran ƙafarsa ta kumbura, Ɗanzango ne ke ɗauke da jakarsa. Can ma ba wanda ya karɓa. Wa zai bar gonarsa a watan noma ya bi masu neman wahala? Mutum ɗaya ne Allah ya yi mai wannan wautar, ni kuma na aure shi. Daga Karkoj ban sake jin komai ba.

A nan sai na faɗi abin da ya sa ban nemi taimako ba, don yaran yanzu in sun ji labarin cewa suke taurin kai ne kawai. Gayya a hillarmu namiji ke kiranta. Mace ba a yi mata gayya sai ɗayan biyu: mijinta ya mutu, ko hanya ta ci shi. Hanya ta ci shi muke cewa ga wanda ya tashi ya nufi gabas bai waiwayo ba, kuma ba gida biyar a jere da ba su da irin wannan. Mahaifina yana cikinsu. Ina da shekara bakwai ya ce zai je ya dubo hanyar Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwan Makka, ya dawo ya ɗauke mu. Da damina ta yi nisa mazan hilla suka taru suka nome wa mahaifiyata gona. Na tuna ranar, ana kiɗa, ana raha, ita kuma tana tuƙa tuwo idonta a bushe. Daga wannan rana ba wanda ya sake kiran gidanmu da sunan mahaifina. Gidan Ta'allah aka koma cewa, da sunanta. Ba wanda ya yi shela, haka kawai bakin mutane ya juya.

Don haka da Baffa Mamman ya tsaya a ƙofata ran sha biyar, ya yi gyaran murya, na san abin da ya kawo shi.

"Ɗiyata, na biyo ta hawasha."

"Ina kai, Baffa."

"Na gani. Amma hannu guda ba ya ɗaukar jinka. Ki bari mu shiga miki safiya guda, shi ke nan."

"Mai gona shina nan tahe, Baffa. Shi ka kiran gayya in ya so."

Baffa ne ya binne iyayen Ɗanzango, shi ya ɗaura mana aure. Ya ce, "Allah shi kawo shi," ya juya.

Bayan kwana uku mufattish ya same ni a gona. Bai ko sauko daga kan jakinsa ba. Ya dubi audugar da ciyawa ta shaƙe har ta fara yin rawaya, ya tambaye ni da Larabci ina mai hawasha. Na ce ya raka baƙin hukuma. Ya ce shi hukumarsa ta auduga ce, ba ta baƙi ba. Ba mugu ba ne, har ma'alesh ya ce mini, wato in yi haƙuri. Amma ya ba ni kwana bakwai. In ya dawo bai ga ƙasa baƙa tsakanin layuka ba, akwai mutum goma da ke jiran gona.

Na ƙara himma, wai ni mai zuciya. Na daina komawa gida da azahar. Tafin hannuna ya fashe, na naɗe shi da tsumma. Ina noma ina masa faɗa a raina, faɗan da ban taɓa yi masa a fuska ba. Ina cewa, su in sun gama za su koma a ɗaura musu tauraro a kafaɗa, kai me za a ɗaura maka? Wani lokaci kuma sai faɗan ya ƙare, in tsinci kaina ina kallon hanyar kudu ina ƙirga itatuwa, ina cewa daga bayan wancan zai ɓullo. Tsoro ne ya fi yawa, ba fushi ba. Ina tsoron ya isa Rusairis ya ji an ce daga nan Habasha, daga Habasha teku, daga teku Makka, ƙafarsa ta tuna abin da aka haife ta a kai.

Ran ashirin da ɗaya ga wata, da rana ta take, na miƙe in gyara bayana sai na ga gonar ta juya. Ban san faɗuwata ba. Inna Tumba ce ta tsince ni, ta fito neman ciyawar tunkiyarta. Na farka na ji ruwan tur'a a fuskata da cikin bakina, tana ɗura mini da tafin hannunta.

"Inna, azumina."

"Sha, kya rama. Allah bai ce ki kashe kanki ba."

Na sha, ina sha ina kuka. Ta zauna cikin laka kusa da ni, tsohuwar da ba ta iya durƙuso sai da dafa bango. Ita ma hanya ce ta ci nata mijin, tun kafin a haife ni.

"Na san abin da kika gudu," in ji ta. "Amma ki yi tunani. In ya komo ya iske gona ta tahi, mi kinka tsare mishi? Suna? Suna za ya ci?"

"In anka yi gayya, Inna, na ce ya tahi ke nan."

"To ki zaɓa. Ni dai na gaya miki."

Kwana biyu ina juya maganar, ina kwance da zazzaɓi. A rana ta uku na lallaɓa na je ƙofar Baffa Mamman. Na durƙusa na ce ya kira mutane, amma ina da sharaɗi.

"Layin ƙarshe, wanda ke bakin tur'a, kada kowa shi taɓa shi."

"Don mi?"

"Na mai gona na. Shi za ya gama aikinshi. Ku taimako kunka yi, ba gado ba."

Ya kalle ni har na sunkuyar da kai. Ya ce tun da yake bai taɓa jin an yi haka ba. Sannan ya ce bai kuma taɓa jin an hana ba.

Suka fito bayan asuba, mutum talatin da wani abu. Gayyar azumi ba kiɗa, ba fura, ba waƙa, sai ƙarar fartanya da numfashi. Na tsaya daga nesa ina kallon bayansu a jere cikin gonarsa, na ga mahaifiyata tsaye a inda nake tsaye. Kafin rana ta yi tsaka sun share abin da na yi kwana ashirin ina fama da shi. Suka zo kan layin ƙarshe, na gaba ya ɗaga fartanya, Baffa ya ce masa wani abu, ya sauke. Suka haye suka tafi. Gona ta yi baƙi ƙirin, audugar ta tsaya a fili tana shan iska, sai layi ɗaya kore shar a bakin ruwa.

Na yanka kazar da nake da ita, na kankare gindin rumbu, na yi musu abin shan ruwa. Da na ajiye tire a ƙofa na koma na tsaya a bayan danga. Na ji wani ya ce, "Ku miƙo na gidan Kulu." Sai muryar Baffa.

"Gidan Ɗanzango. Ba ka ga layinshi ba?"

Na zauna a inda nake, a ƙasa, ban iya kai ruwa bakina ba sai da aka kusa kiran isha.

Mufattish ya zo washegari, ya zagaya, ya tsaya a kan layin. Ya nuna shi da bulalarsa. Na ce na mai hawasha ne, yana hanya. Ya dube ni, ya dubi layin, ya ce a cire kafin ya zubar da iri, ya kaɗa jakinsa. Ban cire ba.

Salla ta zo. Na yi lalle don kada a ce, na saka zanen da ya saya mini a Sinnar, na zauna a gida. Kowace safiya nakan je in duba layin. Ciyawar ta kai gwiwa, ta kai cinya, ta yi kai. Audugar da ke cikinta ta mutu. Mutane suka daina tambayata labari, abin da ya fi tambayar ciwo.

Ran tara ga Salla, da hantsi, ina tsinkar tafasa a gefen tur'a, na hango mutum a gonarmu a sunkuye. Na tafi da niyyar faɗa, na ɗauka wani ne ya ga abin ya ishe shi. Sai na ga sandar a kafe a bakin layi, da gorar, da wasu manyan takalma biyu irin na Turawan nan an ɗaure su da igiyarsu an rataya a kanta. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito, idonsa ya yi rawaya. Ba shi da fartanya, da hannu yake tuge ciyawar. Ta hanyar gona ya shigo, bai isa gida ba tukuna. Ya ga gonar, ya san hannun mutum ɗaya bai yi wannan ba, ya kuma san abin da hakan ke nufi a hillarmu. Sannan ya ga layin.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kulu, wa ya bar wanga?"

"Ni."

Ya ci gaba da tugewa. Duk faɗan da na tanada na kwana arba'in da biyu, na neme shi na rasa. Na sunkuya zan kama masa, ya ce in bari, nasa ne. Na zauna a bakin tur'a har ya kai ƙarshe, sannan muka tafi gida, yana gaba ina baya, na ɗauko masa takalman.

Daga baya na ji sauran. Ba wanda ya karɓe su har Rusairis, can ma da suka ce za su hau duwatsu bai iya sakinsu ba, sai da ya danƙa su hannun direban motar soja da ta zo ɗaukarsu. A hanyar dawowa zazzaɓi ya kayar da shi a wata hillar Hausawa, ya yi kwana goma bai san inda yake ba. Na taɓa tambayarsa sau ɗaya ko ya yi tunanin wucewa. Ya ce akwai wata safiya a kan dutse da hafsan ya nuna masa gabas ya ce Habasha ke nan. Bai ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba.

Da rani, bayan tsinkar auduga, aka kawo mana hoto ta hannun ofishin gona. Su tara ne a kan dutse, sun rungumi juna, suna dariyar nan tasu. Ɗanzango yana can gefe, rabin kafaɗarsa da sandarsa kawai suka shiga. Ya ajiye shi a akwati. Takalman da suka ba shi kuwa sun yi masa yawa, bai taɓa sa su ba, kaza ce ta yi ta ƙwai a cikin ɗaya.

Bai sake wuce Sinja da ke nan kusa ba har Allah ya karɓi abinsa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Hawashar tana hannun mijin 'yarmu. Duk damina nakan ce masa ya bar layin bakin tur'a kada ya fesa masa magani, yana bari, yana ɗauka rigimar tsufa ce. Shekaranjiya na sa sanda na je na gani. Ciyawar ta kai cinya. Na san ba mai zuwa, ban rikice ba tukuna. Bakina ne dai ya kasa cewa a nome shi.

Ɗazu, ana gab da shan ruwa, wata baƙuwa ta yi sallama a ƙofa, tana tambaya ko nan ne gidan Inna Kulu. Ina zaune ina jin ta. Na daɗe ban amsa ba, har 'yata ta leƙo daga madafa ta ce mata nan ne.